Kwasar Malama Dina Ce Ta Rage

Tun ranar Talata aka faɗa mini kin rasu, na kuma yi kuka kamar kowa, amma ban gane ba sai ranar Juma'a. Ranar ce kwasata a adashinmu na matan Rawayau. Na ɗauko zaren nan da muke jera ƙyallayenmu a kai, na zare nawa, sai na ga saura ɗaya ke lilo. Shuɗi ne, wanda kika yago daga tsohon siket ɗinki na aiki. 

Malama Dina, matar Malam Simeon, ma'aikaciyar banki a Dutsin-Ma, ta rasu ranar Litinin, 14 ga Maris, 1988, bayan jinyar sanƙarau ta kwana huɗu. Ni Yelwa ce, matar Malam Ilu mai makarantar allo a Rawayau. Aji huɗu na yi a firamare, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna.

Malama, shekara biyar ke nan da kika fara zuwa mana a kan ƙaramin babur ɗinki. Kika ce banki ya ware kuɗi don raya ƙauyuka, amma ba zai ba kowace ƙungiya ba sai shugabarta ta sami horo. Maigidana ya tare ki a zaure ya ce in da kuɗin ruwa a ciki, ki juya. Ba ki ji haushi ba. Sau uku kina komawa wurin manyanku, har aka yarda banki ya sayi injin niƙa ya sayar mana a kan farashi sananne, mu biya sannu a hankali. Injin yana nan yana aiki. Matanmu sun daina ɗaukar hatsi a ka zuwa Kurfi.

Asabar goma sha biyu muka yi muna zuwa wani aji a Kurfi, mu iyayen adashi daga Birchi da Karofi da sauran ƙauyuka. Da kika ga yawancinmu ba su karatu, kika ajiye allin. Kika ce kowace ta yago ƙyalle daga zanenta a jera a zare, domin mace ba ta manta zanen maƙwabciyarta. Da haka kowa ta san wadda ta kwasa da wadda ke jira.

A Asabar ta biyar muka yi faɗa, ni da ke. Kowa ya san al'ada: uwar adashi ce ke fara kwasa, ladan wahalarta ke nan. Haka uwata ta yi. Ke kuma kika ce shugaba ta koma ƙarshe. Na miƙe a gaban mutane na ce, “To mi zan ci a wahalar nan, godiya?”

Kika yi dariya kika ce, “Yaya Yelwa, wadda ta ƙoshi ba ta leƙa tukunya. In kina ƙarshe, ke za ki fi kowa bin masu latti.”

Na ce, “Mai albashi ce ke magana. Ki shiga mana mu gani.”

Na faɗa ne don in kunyata ki. Juma'ar da ta biyo baya sai ga naira biyar ɗinki da ƙyallenki, kika ɗaura shi da hannunki a bayan nawa. Zagaye bayan zagaye kina nan a ƙarshe, ba ki taɓa neman a matso da ke ba. Ko lokacin da aka yi wa ɗakinku sata, ni na ce ki karɓi ranata, kika ce in na fara wannan sauyi gobe surukata ce za ta nema. Kaza ma ba ki karɓa a hannunmu, sai dai ki zauna a tabarma mu ci tuwo tare, kina cewa miyata ta fi ƙarfinki da yaji, kina kuma ƙarawa.

Wannan zagayen kin faɗa mini abin da za ki yi da kuɗin: akwatin ƙarfe da katifa na ɗiyarki Magdalina, saboda makarantar kwana.

Ranar Juma'ar nan da ta wuce, bayan na zare ƙyallena, Rabe masinjan banki ya yi sallama. Ya miƙo hankici a ƙulle, da naira biyar a ciki. Ya ce ranar da za a kai ki asibiti kika ba shi, kika ce kada kwasar Yelwa ta yi giɓi. Kina cikin wannan ciwo, wuyanki ba ya juyawa, kina tuna naira biyar ɗina.

Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya in mance da ita. In ɗauko zaren in mayar. Ko ƙarar babur na ji sai na leƙa. Dalili shi ne wasu daga cikinmu sun fara cewa ai matacce ba ya kwasa, kowa ta riƙe kuɗinta. Mu ashirin duk mun ci zubinki. In muka hana kwasarki, ba mace ɗaya daga nan har Birchi da za ta sake yarda ta tsaya a ƙarshe, kuma duk abin da kika koya mana a ajin Kurfi ya bi ki kabari. Ban damu da abin da banki zai ce ba. Idon Magdalina nake jin kunya.

Kin taɓa ce mana shugaba daga gidanta take fara tambaya. Hawwa'u, ƙanwar maigidana, tana cikin masu cewa a bari. Sau biyu ina zuwa ƙofar ɗakinta, mu gaisa, in tambayi yara, in dawo. Kin san ni, bakina ya fi kaifi a gaban baƙi.

Ni ba malama ba ce, kuma hanyar ibadarmu ba ɗaya ba. Abin da na gani da idona na faɗa, sauran na bar wa Allah, wanda ba a ɓoye masa aikin kowa, kuma rahamarsa ta fi sanina faɗi. Malam Simeon, sannu da rashi, Allah ya ba ka haƙuri da juriyar riƙon yara. Magdalina, ke da ƙannenki Alfred da Tomas, Allah ya raya ku, ya ba ku halin uwarku. Iyayenta da ke can kudu, waɗanda ban taɓa gani ba, ku sani ɗiyarku ta zauna da mu lafiya, ba ta ci haƙƙin kowa ba. Mu kuma Allah ya sa mu cika da kyau.

Jibi Juma'a, ranar kwasarki ce. Mata goma sha uku sun kawo zubinsu, har da nawa. Saura bakwai, kuma ban yi wa Hawwa'u magana ba tukuna.