Na Auna Dutse da Ma'aunin Kwanon Rufi

A shekarun nan ni kafinta ne mai buga kwanon rufi, kuma daga unguwar Nima har ta Maamobi babu gidan da ban taka samansa ba, ko dai haka nake faɗa a teburin mai shayi. Nakan ce ni da hadari abokai ne, sai ya nemi izinina kafin ya zubo. Jama'a su yi ta dariya, har ni ma na fara yarda da ƙaryata.

Bayan wata Sallah, ƙungiyarmu ta unguwa ta cika trotro, wato bas ɗin haya, zuwa duwatsun da ake kira Shai yawon shan iska. Can muka tarar da masu hawan manyan duwatsu da hannu da ƙafa kawai, ba igiya, sai katifa a ƙasa. Amma duk sun naɗe katifunsu, don an yi ruwa da safe. Mai yi mana jagora, ɗan garin, ya ce mu ma mu haƙura. Ya tura yatsa cikin wata tsaga, ya zaro shi jiƙe ya nuna mini. Na ce masa ni minti goma bayan ruwa nake hawa rufi, balle yanzu da rana ta ƙwalle. Ashe kwano zubar da ruwa yake yi ya huta, dutse kuwa ɓoye shi yake a tsagoginsa, fuskarsa a bushe.

Na haye, Allah Ya rufa asiri. Daga sama na shiga tsokanar aminina, wani tela na unguwar Kotobabi, ina cewa ko kakata da sandarta za ta hau wannan. Ya ce yara huɗu gare shi da keken ɗinki ɗaya, in ƙyale shi don Allah. Ban ƙyale shi ba, sai da ya cire takalmi. Ya wuce rabi ke nan, hannunsa ya kama inda ruwa ke tsattsafowa, ya sulɓe.

Sai yayyafi ya dawo, dutsen ya zama kamar an shafe shi da miyar kuɓewa. Na kasa sauka. Ina tsugune a sama ina kallonsa kwance, ƙafar dama a juye, yana ta salati. Ba abin da na iya sai ihun a ɗaga shi a hankali, kuma ba wanda ya ɗago ya dube ni. Sai da aka tafi da shi aka aro tsani daga ƙauye aka sauke ni.

Ƙafar da yake taka keke ce. An ɗora ta, amma ba ta jure aikin yini, ɗinkin Sallar da ta biyo baya duk ya koma wasu shaguna. Bai taɓa faɗa mini baƙar magana ba. In na je sai ya matsa mini a benci ya tambayi iyali. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun barci.

'Yan'uwa, in mutanen wuri suka ce dutse bai bushe ba, ku ci guzurinku ku koma gida. Masu baki irin nawa kuma mu ji tsoron Allah, don ni na yi wasan, amma shi ke ɗingishi.