Maiwar Baba a Bakin Shinge

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karɓar sababbin ma'aikata a wata cibiyar binciken noma da ke bayan garin Katsina. Cibiyar ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta neman riba ba. Da tallafi take tafiya, aikinta gwada irin gero da dawa da wake don a samo wanda zai jure ƙarancin ruwa. Ni kuwa ba manomi ba ne. Haifaffen unguwar Gobarau ne ni, a tsakiyar birni, iyakar sanina da gero shi ne fura da kunu. Aikina in tari mutum a bakin ƙofa, in ba shi katin shaida da makullin ofis, in nuna masa masallaci da bayi, in ja masa kunne game da wata kujera a ɗakin taro da ta sha kayar da manyan mutane. Na iya aikin, kuma ina da saurin fushi. Duka biyun babu wanda bai shaida ba.

Amma a wurinmu karɓar baƙo ba ta cika sai an yi zagaye. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, mun dai tarar ana yi. Duk wanda aka ɗauka, ko dakta ne ko direba ko mai buga takardu, ranar farko sai an miƙa shi hannun shugaban leburorin gona, wani tsoho da kowa ke kira Baba. Shi zai shige gaba da sandarsa, baƙo na biye, su bi gonar gwaji kunya bayan kunya. Baba bai iya karatun boko ba, allunan da masana ke kafawa da lambobi ba su dame shi ba. Shi dai zai ce maka nan ruwa ke kwanciya, nan tururuwa ke kwashe iri, wancan geron ƙarya yake yi, kansa babba amma ba ido. Na ga masu digiri uku-uku sun dawo daga zagayen nan takalmi a hannu, girman kai ya sauka.

Zagayen kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa, can ƙarshen gona a bakin shinge, inda akwai kunya uku da ba su da allo, ba su kuma cikin taswirar cibiya. Nan Baba yake shuka maiwar garinsu. Maiwa 'yar'uwar gero ce, sai dai ita ba ta gaggawa. Gero zai fitar da kai, ya nuna, a girbe shi, ita tana nan tsaye da ganye kamar ba ta da niyyar yin komai, sai damina ta juya baya sannan ta haihu.

Garin su Baba yana can yamma, bakin daji. 'Yan bindiga suka tashe shi, mutanensa suka watsu, shi ya samu ɗaki a unguwar Ƙofar Sauri, nan cikin Katsina, da abin da ya rage na iyalinsa. Ranar da aka yi mini nawa zagayen, a bakin shingen nan ya tsaya ya ce:

"Malam, wagga ba ta cikin takardarku. Tamu ce, tun kakanni. Ranar da munka fito, dattawan gari sunka damƙa mani ita, don ni ɗai ke da wurin shukawa. In Allah ya sa an koma gida, ita za a fara sa ma ƙasa."

Tsohon shugaban cibiyar ne ya ba shi wurin da baki. Kowa ya sani, don kowa ya yi zagaye. Kowace shekara Baba ya shuka, ya girbe, ya ɗaure zangarniyar ya rataye a ɗakinsa har wata damina. Sai shekarar da ta gabaci wadda nake ba da labari tsuntsaye suka yi masa ɓarna, domin lokacin da maiwa ke nuna babu sauran hatsi a gonaki sai ita. Abin da ya tsira bai cika tafin hannu biyu ba. Da damina ta sauka ya zuba shi duka a ƙasa, bai rage ko ƙwaya ba, yana cewa bana sai ya kwana da gwangwanin korar tsuntsaye a gonar in ta kama.

A tsakiyar wannan daminar aka ɗauko mana sabon dakta, matashi, mai ladabi, wanda ya yi karatunsa a waje a kan tsaftar iri. Ya zo a makon da ba na son tunawa. Masu ba mu tallafi za su kawo ziyara, sabon shugabanmu ya rikice ya rikita kowa, an kuma sayo mana majigi aka ce daga yanzu a ɗakin taro za a riƙa yi wa sababbi bayani, a daina ɓata rana guda a cikin taɓo. Gaskiya ba a ce a hana zagaye ba. Ni ne na ji daɗin maganar, saboda ina da jiƙaƙƙa da Baba. Wata biyu kafin nan ya riƙe mini wasu sababbi har bayan la'asar, aka yi mini faɗa a gaban yaran ofis, shi kuma da na yi masa magana ya yi dariya ya ce ɗan birni ba ya son rana ta taɓa shi. Wasa yake yi, irin wanda muka saba. Ni na ƙulla.

Da safe na zaunar da daktan, na kunna masa majigi, na nuna masa hotunan gonar da ke bayan tagar da yake zaune kusa da ita. Ina cikin haka na hangi Baba a kan bencin ƙofar ofishina. Ya sa rigarsa ta Juma'a, wadda yake sawa duk ranar zagaye, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Na fita na same shi.

"Ina kwana, Malam? An tashi lahiya? Ina baƙon namu?"

"Lafiya lau, Baba. Yau dai babu zagaye, aiki ya yi yawa."

"To, gobe ke nan?"

"Zan neme ka."

Ya dube ni, ya ce Allah ya kai mu, ya tashi. Washegari ma ya zo ya zauna a bencin. Na gan shi ta taga, na yi kamar ina waya har ya gaji ya tafi. Wannan abin har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, domin ba aiki ne ya hana ni ba, so nake ya ji a jikinsa.

A cikin takardun da na ba daktan akwai taswirar gona. Mutum ne mai bin ƙa'ida, sai da ya dawo ofishina ya shimfiɗa ta a kan tebur ya tambaye ni ko duk abin da cibiya ta shuka yana ciki. Ina tsakiyar neman kujerun haya na baƙi, ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce masa abin da duk ba ya cikin taswira ba namu ba ne. Ya yi godiya ya fita.

Ranar Alhamis aka yi wa Baba rasuwa, wata ƙanwarsa da ke gudun hijira a wani gari, ya tafi ta'aziyya. Ranar Asabar leburorinmu na dindindin ba sa zuwa. Daktan kuwa, sabon shiga mai son ya nuna himma, ya shigo shi kaɗai ya duba geron gwajin da aka damƙa masa, wanda ya fara fure. A bakin shinge ya ga wasu dogayen tsirrai masu kama da gero, ba kai, ba allo, ba sa cikin taswira. A karatunsa, irin wannan baƙon tsiro shi ke gurɓata iri in aka bar shi ya yi fure kusa da na gwaji, ga kuma baƙi na tafe. Ya fita bakin titi ya samo 'yan ƙwadago biyu, suka tumɓuke kunya ukun nan har saiwa. Wani Bafulatani da ke kiwo a bayan shinge ya roƙa, aka miƙa masa, shanunsa suka cinye.

Ranar Litinin daktan da kansa ya ba ni labari, yana murna, wai ya share mana wata ƙazanta kafin baƙi su gani. Na tambaye shi a ina. Ya ce a bakin shinge. Na bar shi tsaye na ruga gonar da takalmin ofis. Ƙasa ce kawai a buɗe, ramuka a jere, ruwan daren jiya ya taru a cikinsu. Na tsallaka shinge na bi sawun shanu ko zan samu ko guda ɗaya mai saiwa. Na samu kara biyu da aka tattake, na dawo na dasa su da hannuna, ni da ban taɓa dasa komai ba. Kwana biyu suka bushe.

Na so in huce a kan daktan, har na buɗe baki. Sai na tuna wanda ya ce masa abin da ba ya cikin taswira ba namu ba ne. Na zaunar da shi na gaya masa abin da ya tumɓuke. Ya dafe kai, ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa.

Baba ya dawo ranar Laraba. Leburori sun riga sun tare shi a ƙofa, don haka ya sani kafin ya iso. Ina tsaye nesa na ga ya nufi bakin shinge, ya tsuguna, ya daɗe. Na zaci zai zo ya zage ni, har na ji ina fatan haka. Sai ga shi a ƙofar ofis, ya yi sallama, ya karɓi ta'aziyyata, ya ce a kira masa baƙon. Daktan ya zo, ya durƙusa zai fara ba da haƙuri. Baba ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Dakta, sannu da zuwa. Ba mu gaisa ba tun da ka zo. Ya hanya? Ya ka baro mutanen gida? Taho in gwada maka gona, kada ka zamna cikinmu kamar baƙo."

Suka tafi, na bi su a baya ba wanda ya gayyace ni. Ya nuna masa inda ruwa ke kwanciya da inda tururuwa ke sata, bai tsallake kunya ko ɗaya ba. Da suka kusa shinge sai ya tsaya, ya ce to nan gonar ta ƙare, ya juya. Daktan yana tafe yana share hawaye da hannun riga.

Mun yi ƙoƙari, in ana kiran wannan ƙoƙari. Ni da daktan muka shiga Babbar Kasuwa, layin 'yan hatsi, rumfa rumfa muna tambayar maiwar yamma. Aka auno mana kala uku. Muka kai wa Baba har ɗakinsa a Ƙofar Sauri. Ya zuba kowacce a tafin hannu, ya murza, ya tauna ƙwaya ɗaya, ya ce maiwa ce mai kyau, Allah ya saka. Da daktan ya matsa masa ko akwai tasu a ciki, ya girgiza kai. Ya ce tasu fara ce sol, tuwonta kuma yana kwana bai canza ba. Muka aika tambaya wurin 'yan garinsu da ke warwatse, ba tare da mun faɗi dalili ba. Duk wanda ya fito da ɗan wani abu ya daɗe da dafa wa 'ya'yansa.

Baba ya ci gaba da zuwa aiki. Ya daina tsokanata, abin da ya fi mini zafi ke nan. Gaisuwa cikakkiya yake mini, Malam kaza Malam kaza, irin wadda ake yi wa mutumin da ba a saba da shi ba.

Da bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗuwa, wata safiya mai gadi ya leƙo ya ce ana sallama da Baba a bakin ƙofa. Dattawa uku ne, riguna sun koɗe, ɗaya na riƙe da ƙaramin buhu a naɗe. An samu ɗan sauƙi a yankinsu, gidaje kaɗan sun yi shawarar komawa su gwada noma bana, shi ne aka turo su karɓar iri. Ni na shigo da su, tun da karɓar baƙi aikina ne. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar darbejiya, na kawo ruwa, na aika a kira Baba daga gona.

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka tambayi juna waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage. Daga nan babbansu ya warware buhun ya ajiye a gaban Baba, yana murmushi, ya ce ko mudu ɗaya ne ya isa, za su raba.

Ina tsaye a gefe da butar ruwa a hannu. Na san wannan ne lokacin da zan ce ni ne, ni na hana zagaye, ni na ba da taswira. Maganar tana bakina. Baba ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya mai da kansa ƙasa.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Babu ta. Kun ba ni amana, ni na yi sakaci."

Babban nasu ya jawo buhun a hankali, ya sake naɗe shi yadda ya zo da shi. Ni kuma na tsaya a wurin da butar, ban ce komai ba, har suka yi sallama suka tafi.