Tsarabar Baƙin Yashi

Abin da na fara gani a bakin tekun Hawaii shi ne yashin, baƙi ƙirin kamar dakakken gawayi. Mama tana gida a Greensboro, an hana ta hutu a wurin aiki, kuma yashin nan kaɗai ta ce in kawo mata tsaraba. Na cika robar ruwa da shi. Wata ma'aikaciyar wurin ta tare mu, ta ce an hana ɗauka. Baba ya yi ta ba ta haƙuri yana murmushi, sannan ya juyo ya daka mini tsawa da Hausa, alhali shi ya miƙo mini robar. Na juye yashin, mutane suna kallo.

A mota na ji sauransa cikin takalmina. Na ce, "Baba, don Allah kar ka sa ni in kakkaɓe."