Ranar da Kaka Ta Ce In Bar Ruwan Ya Tafasa

A Ainu Shams, wata unguwa a Alƙahira, na tashi, a ɗaki biyu da aka gina a saman wani bene, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanyar mutanen ƙasa. Iyayena Hausawan Sudan ne. Baba dako yake yi a kasuwar kayan lambu. Mahaifiyata aikatau take yi a unguwar Hay el-Sabi', a can take kwana, sai ran Juma'a muke ganinta. Don haka kakata ta wajen uwa ce ta riƙe mu, ni da yayana Mahmud. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara. Baba kuwa, da ba zai iya kama sunan surukarsa ba, Ummi yake kirana.

Kaka 'yar dukawa ce, da basilla a hannu ta tsufa. Jakunkuna take ɗinkawa, amma aikin da ya fi riƙe gidan shi ne kuben libarba, ƙaramar bindigar nan mai tulu da ke juyawa. Wani mai shago Bamisire yake kawo mata, na masu sayar da zinariya da manyan ƙauye waɗanda hukuma ta ba izinin riƙewa. Kowane kube da mai shi, don babu bindigar da ke zama daidai a gidan wata. Amma ba ta yarda a hawo mata da ƙarfe. Sai dai a sassaƙa kamarsa da itace a kawo.

Tun kafin in iya karatu na san ƙa'idar aikin. A yanka ƙirgi, a ɗinke, a tsoma a ruwa mai ɗumin jiki. A naɗe itacen da leda a zura, a bi da ƙaho ana dannawa har fatar ta ɗauki siffa. Sai a zare, a ajiye a inuwa ta bushe da kanta. Abu biyu ne ba a kusantar da su: ruwan zafi da wuta. Fatar da ta sha tafasasshen ruwa tsukewa take yi, in ta bushe ta zama kamar ƙashi. Na sha ranƙwashi a kan wannan ba sau ɗaya ba.

In sanyin Alƙahira ya shigo, bayan magariba Kaka takan hura gawayi a kasko, ta ɗora buta, mu kewaye ta. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Takan ce, "Ga wata nan ta iso, ƙafarta duk ƙura." Mu ce, "A ba ta tabarma." Mahmud har ya yi gashin baki bai daina zama ba, yana cewa wai ɗumi yake ji, ba labari ba. Ita kuma ta ce, "To toshe kunnen mana, angon ƙarya."

Wani dillalin hanya ne ya raba mu da shi, irin waɗanda ake kira simsar, masu haɗa samari da jirgin ruwa zuwa Turai. Mahmud ya tafi bai gaya wa kowa ba. Jirgin bai isa ba. Gawa ma ba mu gani ba, sallar da ake yi wa wanda ya mutu a nesa aka yi masa a masallacin layinmu. Simsar ɗin ya ɓace. Daga nan Kaka ta daina tatsuniya, Baba ya daina magana. Kaskon dai ana hurawa, don sanyi bai san an yi rashi ba.

Wata la'asar, wata maƙwabciyarmu ta hawo tana haki. Ta gaya wa Kaka an ga simsar ɗin a wani gidan gahawa a unguwar Faisal, can yake zama kowace yamma, kuma gobe da asuba zai bar gari. Ta ƙara da cewa mijinta ya riga ya gaya wa Baba a kasuwa. Kaka ta soke yatsarta da basilla, abin da ban taɓa gani ba.

Bayan magariba Baba ya hawo. Ya cire takalmi nesa da tabarma, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, kamar yadda ya saba a gabanta.

"Inna, barka da yamma."

"Barka kadai, Malam. An dawo?"

Ya zaro wani abu a naɗe cikin tsumma, ya ajiye, ya buɗe. Ƙarfe ne, baƙi, ba itace ba.

"Na wani mai gadi ne a kasuwa. A aljihu tana nunawa. Kube yake so, na ƙarƙashin hammata. Yau."

"Mai gadin sauri yake yi?"

"Sauri yake yi, Inna."

"Ikon Allah. Gadi da sauri."

Na ɗauka za ta ce ya fitar mata da ita daga gida. Da ta ce haka, da ya ɗauka ya sauka, kuma na san mikrobas, motar hayar Faisal, zai nufa, ko da kube ko babu. Ita ma ta sani. Sai ta jawo kwandonta, ta zaɓo wani kube da ta riga ta ɗinke wa wani, ta gwada a jikin bindigar.

"Ba na auna mai ciki," in ji ta. "Sauke mata kayanta."

Ya buɗe tulun, harsasai suka zubo a tafinsa, ya zuba a aljihu. Na ji ƙararsu.

"Takwara, ɗora ruwa."

Na ɗora. Da ya yi ɗumi na tsoma yatsa, na kama butar zan sauke.

"Wa ya ce ki sauke? Bar shi ya tafasa."

Na dube ta. Ta dube ni. Baba yana kallon ƙasa, bai ga komai ba, kuma ko ya gani bai san fata ba, shi buhu ya sani. Na mayar da butar.

Ta tsoma kuben a ruwan yana huci, ta ciro da tsinke, ta zura bindigar tsirararta, babu leda. Ta ɗauki ƙaho ta danna fatar can cikin zoben kunama, ta danna bayan tulu, ta lanƙwaso bakin kuben a kan ƙeyar bindigar. Duk inda ya kamata a bari a sake, nan ta matse. Sannan ta jingina shi a gefen kasko.

"Zai daɗe, Inna?"

"Fata ba ta san agogo ba. Zauna ka sha shayi. Takwara, ki riƙa juya shi kamar masara." Ta gyara zama, ta ja mayafi. "Ga wata nan ta iso, ƙafarta duk ƙura."

Tun rasuwar Mahmud ban ji wannan maganar ba. Na ce, "A ba ta tabarma."

Wanda bai san surukuta irin tamu ba zai ce me ya hana Baba tashi. Ba ya ci a gabanta, ba ya ɗaga murya, ba ya miƙewa tana cikin magana. Shekarun da ya yi a haka su ne suka zaunar da shi a kan tabarmar nan, ba ƙarfinta ba.

Labarin wani makiyayi ne mai 'yan maruƙa biyu. Wata rana suna tsallake kogi, ruwa ya cinye ɗaya. Makiyayin ya rantse sai ya ƙafar da kogin. Ya ɗaure ɗan maraƙin da ya rage a jikin bishiya, ya ce jira ni, ya ɗauki ƙwarya ya shiga kwasar ruwa yana watsawa a tudu. Na san labarin, Kaka ta sha ba mu, gajere ne kuma na dariya, mukan kwashe da wautar mutumin. A ranar ta ja shi kamar zare. Ƙwaryar ta fashe, sai da ya je ƙauye ya nemo wata. Kwaɗo ya fito ya yi masa ba'a. Wata tsohuwa ta zo wanki ta tambaye shi, ya ce kogi ya ci masa ɗa, ta ce, "Gaskiyarka, mugun kogi ne, ni ma ya ci mini." Ta ba shi aron kwanonta.

Aka kira isha. Baba ya yi salla a gefen tanki, cikin sauri, ya dawo. Kaka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ni ina juya kuben. Ina jin yana tauri a hannuna, launinsa yana duhu, warin fata mai zafi yana tashi. Baba ya shaƙi warin. Ya juyo gare ni.

"Ummi, haka ake yi?"

Ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce, "Haka Kaka ta ce."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ido ƙasa. Ya gyara zama, harsasan suka yi ƙara a aljihunsa.

Kaka ta rage murya. Ta ce makiyayi yana ta kwasa, rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. Ɗan maraƙin da ke ɗaure ya cinye ciyawar da ke kusa. Ƙishirwa ta kama shi. Ga kogi a gabansa, yana jin ƙamshin ruwa, amma igiya ta gaza kaɗan. Ga mai shi yana watsa ruwa ƙwarya bayan ƙwarya, duk ta wancan gefen. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ya durƙusa.

Ta tsaya a nan. A yadda na san labarin, mutuwa yake yi.

"Ya mutu, Kaka?"

"Ban sani ba, Takwara. Mai shi bai waiwayo ba tukuna." Ta sa gefen mayafi ta ɗauki kuben, ta miƙa. "Ga aikin mai gadi."

Baba ya karɓa da hannu biyu. Ya kama gindin bindigar ya ja. Ko motsi. Ya sake ja. Ya matse kuben tsakanin gwiwoyinsa ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Fata da ƙarfe sun zama abu ɗaya.

Ya ɗago kai ya dubi Kaka ido cikin ido. A rayuwata ban taɓa ganin ya yi haka ba.

"Inna, kin ɓata."

"Na ɓata. Tsufa ne, ma'alish, a yi haƙuri."

"Wa ya tafasa ruwan?"

"Ni ce, Baba."

Daga ƙasa ana jin ƙahon motoci da wani yana kiran ɗansa. Sai Kaka ta zaro askarta daga kwando, ta tura masa a kan tabarma.

"Ga ta, jiya na wasa ta. In ka bi ɗinkin da haƙuri zai buɗe, kuma za ka iske mutumin Faisal bai tashi ba. Ba zan riƙe ka ba, ba ni da ƙarfin. Amma a nan za ka yanka, a gabana da gaban yarinyar nan. In ka gama, ka gaya mata abin da za ta faɗa wa uwarta ran Juma'a, don ni na kai mata labarin Mahmud, bakina ba zai iya sau biyu ba."

Ya ɗauki askar. Ya sa tsininta a ɗinki. Na ji zare ya tsinke, tas. Ya matsa ga na gaba. Na so in yi ihu, na so in riƙe hannunsa, ban iya ko ɗaya ba. Abin da na yi kawai, na matso na zauna a inda ba zai iya aikin ba sai yana ganin ƙafafuna.

Askar ta tsaya.

"Ko gawarsa ban gani ba, Inna."

"Ni ma ban gani ba. Ni na yanke masa cibiya."

Ya ajiye askar. Ya sa hannu a aljihu ya kwaso harsasan, ya zuba a kofin shayin da bai sha ba. Ya tashi ba tare da ya nemi izini ba, ya je ya zauna a bayan tanki. Kaka ta ce in kai masa bargo, kada in yi magana. Da safe ta sa kuben da abin da ke cikinsa a ƙasan kwando, ta rufe da ɓawon albasa, ta fita. Ta dawo da tumatir. Ban tambaya ba.

Simsar ɗin ya bar gari kamar yadda aka faɗa, kuma ban taɓa jin wani abu ya same shi ba. Baba bai gode wa kowa ba. Har sanyin ya wuce, gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi.

Yau ni ke sayen ƙirgi, in ba masu ɗinki, in kai wa shaguna, kuben libarba na cikin abin da nake sayarwa. Kasuwa ta koya mini auna abu ba tare da son zuciya ba, kuma na auna wannan yammacin sau da yawa. Ina yarinya na ɗauka Kaka cewa take a yafe wa kogi. Ba haka ba ne. Ko sau ɗaya ba ta ce kogin ba shi da laifi ba, har tsohuwa ta sa a labarin ta ba da aron kwano. Ita dai ta duba abin da ya tafi da abin da ya saura, ta zaɓi wanda hannu zai iya kaiwa. Zaɓin yana da tsada. Mai yiwuwa mutumin nan ya ɗora 'ya'yan wasu a wani jirgin bayan namu, kuma in uwar ɗayansu ta tsare ni ta tambaye ni, ba ni da amsar da za ta gamsar da ita. Duk da haka, in aka mayar da ni gaban kaskon, zan sake barin ruwan ya tafasa.

Kaka ta rasu. Baba yana wurina yanzu, ya tsufa, bayansa ya gaji da buhu. Bai taɓa cewa mun yi daidai ba. Kwanan baya muna zaune gab da azahar, sai ya ce, ba tare da wani dalili ba, "Da kun bar ni a ranar nan, Ummi..."

Na ce, "Da mun bar ka, Baba, yau wa zai ɗauko jikokin nan naka?"

Ya yi tsaki, ya ce ni da kakata taurin kanmu ɗaya. Sannan ya laluba hularsa, ya nemi sandarsa, don an kusa tashi daga makaranta.