Ranar da Baffa Ya Cire Rumfarsa

Shekara arba'in Baffana yana rini, shekara arba'in yana gaba da rana. Ita ke cinye masa launin kaya, don haka ya rufe tsakar gidan rinin da rumfar kwano, ko kaza ba ta samun wurin shan hantsi. A bayan idonsa Jemage muke ce masa.

Sai hukumar tsafta ta aiko da takarda, wai ruwan rinin da yake zubarwa a kwata yana kashe kifin rafi. Ranar Alhamis da la'asar za a zo a ɗebi ruwan, in bai gyaru ba a garƙame wurin.

Babbar 'yarsa, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta kawo manyan farantai da aka shafe cikinsu da wata farar hoda. Ta ce a zuba ruwan kada zurfinsa ya wuce gaɓar yatsa. In hasken rana ya bugi hodar, ita za ta farfasa dattin rinin. Ta jera su a ƙofar gida tun Laraba, ta koma aiki.

Alhamis da hantsi muka iso tare da ita. Farantan na ƙarƙashin rumfa, an lulluɓe su da buhu, ruwan baƙi ƙirin kamar yadda aka zuba shi.

"Baba, wa ya matsar da su?"

"Ni ne. Abu mai daraja haka a bar shi a rana?"

Ta dafe kai. Kafin azahar inuwar benen maƙwabta ke rufe ƙofar gida. Tsakar gida kaɗai ke iya samun rana har la'asar, ga rumfa a kai.

Baffa ya daɗe yana kallon sama. Can ya ce, "Miƙo min guduma."

Da hannunsa ya ɓamɓare kwanon nan ɗaya bayan ɗaya, yana haki. Ga hadari yana haɗowa daga gabas. Muka yaye buhun, muka tsuguna bakin farantan, duk gajimaren da ya gitta sai Baffa ya ja tsaki. Baƙi ya koma shuɗi, shuɗin ya yi ta dushewa.

Da la'asar jami'ar hukumar tsafta ta zo, ta cika kwalba da ruwan farantan, ta ɗaga ta duba. Ta ce sai gwaji ya tabbatar, amma yau ba za ta rufe ba.

Da ta tafi, Baffa ya zauna a fili, kansa ba hula. Na ce ya koma inuwa.

"Bar ni," in ji shi. "Shekara arba'in ina zagin rana, yau ita ta fid da ni kunya."