Rabin Juyi a Kan Ƙanƙara

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Yuli, shekarar da na cika sha ɗaya, na fara ganinta. Da safe ne, ba a daɗe da buɗe wurin wasan ƙanƙara na cikin mol, wato katafaren ginin kantuna, ba. A waje zafin Dubai ya kai mutum ba ya iya taɓa ƙarfen ƙofar mota, a ciki kuwa numfashina fari yake fita kamar hayaƙi. Kujerun da ke hawa da mutane kan tudu suna ta wucewa a kan wayarsu babu kowa a kai, injinan sanyi na gurnani can sama. Na gangaro a kan sikibod, wato gajerun allunan zamiya biyu da da ƙyar suka kai ƙuguna tsayi, na hau ɗan tudun tsalle, na tashi sama, na juya kaina ta kafaɗar hagu kamar yadda aka koya min. Da na kai rabin juyi, fuskata na kallon inda na fito, sai na ga wata yarinya tsaye can gefen hanya. Rigar sanyin haya ce a jikinta irin tawa, baƙin hijabi ya leƙo ta ƙarƙashin hular kwanonta irin nawa, amma babu allo a ƙafarta. Kallona kawai take yi. Idona ya tsaya a kanta, jikina ma ya tsaya, na sauka da baya na kife.

A unguwar Deira muke zaune a lokacin, hawa na huɗu, saman wani shagon atamfa da leshi. Abba yana harkar kago, don haka zaurenmu kullum cike yake da kwalayen baƙin Kano masu jiran kwantena. Idan aka yi hutun bazara, gidan sai ya zama kurkuku. In wanke kwanuka, in shanya kaya a baranda su bushe kafin in gama shanya na ƙarshe, in kai wa Abba kular abinci ofis ina bin inuwar shaguna. Wasanmu duk a matakala yake, langa da ’yar ɓuya, har mai gadi ya kore mu. Yaya Sadik, babban wanmu da ke jami’a, shi ya ga na fara zama shiru-shiru tun a hutun shekarar da ta gabata, ya roƙi Abba ya riƙa tafiya da ni duk Asabar. Mu hau jirgin ƙasa na metro da jakar safar hannu, mu sauka cikin hunturun da aka ƙera.

Malamarmu wata doguwar mace ce ’yar ƙasashen sanyi, ba ta cika dariya ba. Wata biyu muka yi muna tsalle miƙe kafin ta yarda mu fara juyi. A ƙasa ta fara koya mana, da takalma kawai, mu daka tsalle mu juya kamar katantanwa har jiri ya ɗebe mu. Maganarta guda ce kullum: “Kan mutum ne ke gaba, jiki bin sa yake yi. Inda idonki ya tsaya, nan juyinki ya ƙare.” Ta zana shuɗin layi a kan ƙanƙara inda ya kamata mu dira, ta ce shi za mu nema da ido tun muna sama.

Ni kuwa idona ya samu wurin tsayawa. Asabar ta gaba na sake ganinta, ta gaban wannan ma haka. Idan ina ƙasa in duba ko’ina, babu ta. Idan ina kan kujerar hawa in leƙa, babu ta. Sai a sama kaɗai, a ɗan ƙiftawar nan da bayana ke kallon gaba. Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki shi ne duk mako tana ƙara matsowa. Da farko tana jikin bango, daga baya ta dawo gindin ƙarfen fitila, sannan ta iso jan kafet ɗin da ke gefen tudun tsalle. Na faɗa wa Yaya Sadik a metro. Ya yi dariya ya ce, “Nana, gilashin gidan cin abincin nan ne ke nuna miki kanki.” Na ce masa ai ni a sama nake, ita kuwa a tsaye take.

A mako na huɗu na faɗi a kan hannuna, wuyan hannun ya kumbura. Abba ya dubi bandejin ya ce khalas, an gama. Umma ba ta yi faɗa ba. Tana shafa min man zafi na gaya mata komai, hannunta ya tsaya cak. Ta ce, “Wurin da rana ba ta taɓa shiga ba, kina tsammanin ku kaɗai ne a ciki?” Ta yi addu’a ta tofa a tafinta ta shafe ni daga kai har ƙafa, ta ce kada in kuskura in amsa idan aka kira sunana a can. Duk da tsoron, kuka na riƙa yi a banɗaki, don tunda nake ban taɓa son wani abu kamar juyin nan ba. Da hannun ya warke, Yaya Sadik ya yi ta bin Abba da magiya har ya ba mu Asabar ɗaya, ita ce ta ƙarshe.

Ranar ma da wuri muka je, wurin shiru. Ban taɓa gaya wa malamar komai ba, amma da ta zo gyara min igiyar hula sai ta dube ni ta ce, “Ko mene ne a bayanki, bar shi ya wuce. Nemi layinki. Yalla, maza.” Na yi bismillah na saki jiki. Iska ta cika min kunne, allunan suka bar ƙasa, na jefa kaina hagu. Tana nan, a kan leɓen tudun da na baro yanzun nan, kusa har na ga ɗan tabon da ke haɓarta, tabon da na samu a matakalar gidanmu. Bakinta a buɗe yake, kamar za ta kira ni. Ban jira na ji ba. Na fizge idona na ci gaba da juyawa, bango ya wuce, fitilu suka wuce, shuɗin layi ya taso min. Na dira da ƙafa biyu ina kallon gaba.

Yaya Sadik na ta ihu daga ƙasa, “Ta yi! Wallahi ta yi!” Ni dai na cire allunan na haura sama a ƙafa. Babu kowa a kan tudun. Amma a gefensa, inda ba a yarda kowa ya taka ba, akwai sawun ƙafa biyu a jere, ƙanana, babu sawun zuwa babu na komawa. Malamar ta zo ta tsaya kusa da ni, ta daɗe tana kallon su. Sai ta sa gefen allonta ta share wurin, ta ce in sake hawa. Sau shida na yi juyin a ranar. Ban ƙara ganinta ba.

Yanzu a wani ofishi nake aiki a unguwar Port Saeed, nan Dubai, tagata na kallon jiragen ruwan da ake loda wa kaya. Yaya Sadik ya koma Kano da iyalinsa, Umma ta rasu, gidanmu na Deira ya zama masaukin baƙi. Rabona da ƙanƙara an fi shekara goma, kuma yau idan na juya da sauri a kicin ma sai na dafa bango. A wancan lokacin ƙafafuna suna barin ƙasa ina dariya, duk da na san akwai mai jirana a sama. Har yau ban sani ba ko tsoronta nake yi ko kewarta.