Hular Bakwaini

A bencin ƙofar ɗakin jarirai na asibiti, wata dattijuwa tana saƙa hula da jan zare. Tabarau ya zamo mata har kan hanci, ba ta gyara ba. Littafin labari yana kife a cinyarta, tun zamana ba ta ɗaga shi ba.

Hular ba ta fi dunƙulen hannunta ba, kuma da shi take gwadawa. Ina jin jikanta ne a ciki, bakwaini, an sa shi a kwalba. Da ƙofa ta motsa sai kwarashin ya tsaya cak, ta tsura wa fuskar nas ido. Na kuma lura, duk sa'ad da ta kusa gamawa, sai ta warware layin ƙarshe ta sake.

Matar kusa da ita ta ce, "Haba Inna, ai da tuni kin gama!"

"In na gama, me zan riƙe?"

Can nas ta leƙo. "Kaka, ina hular? Angon naki ya farka, sai tsala kuka yake."

Ta ƙulle zaren, ta tsinke shi da haƙori.